Mai Waƙar Fakku

Metiron ta ajiye motarta a Kebbe, don daga nan hanya ba ta san girman kowa ba, ta hau kabu-kabu ta ce a kai ta Fakku. Mace mai jiki irin nata, da tabarau da jaka, a bayan babur cikin taɓo! Duk wanda ya gani sai ya sake dubawa.

Sunanta Dinatu, 'yar Zuru, amma rabon da a kira ta da shi har ta manta. A asibitin da take aiki a Tambuwal Metiron ce, wato shugabar ma'aikatan jinya, a coci Mama, a gida Maman Barnaba. Duk abin da ta taɓa roƙo an ba ta: miji mai haƙuri, 'ya'ya a jami'a, gida mai tayil, ga mota. Sai dai tun da aka ba ta, in ta durƙusa addu'a ji take kamar tana magana cikin tulun da ba ruwa. Ta yi azumi, ta je taron farkawa, ta sayi sabon Littafi Mai Tsarki mai manyan baƙaƙe, duk a banza. Mijinta Filibus ya taɓa cewa gidan nan ya yi shiru tun da suka tare. Ta ce masa ai yara ne suka tafi makaranta.

Ga shi Lahadi mai zuwa godiyar kaka ce, kuma ita aka zaɓa ta ba da shaida. Ta riga ta yanke cewa ba za ta tsaya gaban Allah ta yi ƙarya ba. Ta kuma san kanta sarai: in ta ƙi zuwa ranar, ita da coci sai dai labari.

Ana cikin haka aka kawo wata Zulfa daga Fakku, haihuwar fari. Naƙuda ta yi tsanani, amma maimakon ihu sai yarinyar ta riƙe ƙarfen gado tana rera wani abu ƙasa-ƙasa: "Kana nan, Ubangiji, ya ishe ni." Metiron ta ji tsigar jikinta ta tashi, hawayen da ta daɗe tana nema suka zo ba sallama. Kafin ta dawo daga wani taro washegari, an sallami mai jego.

Waƙar ta hana ta sakat. Ta tambayi 'yan kwayar coci, ba wanda ya san ta. Ita kuwa ba ma'abuciyar waƙa ba ce, ko a zumuntar mata baki kawai take motsawa. Abu ɗaya ta tabbatar: duk wanda ya yi waƙar nan yana da abin da ita ta rasa, kuma sai ta gan shi.

Ɗan kabu-kabu ya yi turus a wata mararraba, ita ce ma ta nuna masa hannun dama, don ta san hanyar tun shekarun baya.

A gidan jego uwar Zulfa, Hinde, ta shimfiɗa mata tabarma tana ta rawar jiki, wai Likita da kanta ta zo barka. Metiron ko ruwa ba ta sha ba ta tambayi inda waƙar ta fito.

Hinde ta yi dariya. "Wagga? Ai ba tamu ba ce, Likita. Ran da nika naƙudar ɗiyag ga, damina ta yanke hanya. Wata yarinya ce ta ƙaramin asibitin nan, irin masu zuwa coci, ramammiya, da takalmin roba ɗaure da zare. Ko albashi ba a hwara ba ta ba. Ita tar riƙe ni. In tana wanke hannu waƙa, in tana shara waƙa, ina jin ba ta ma san tana yi ba. Ni dai ban taɓa ganin mai cikar zuciya awa tata ba. Da waƙag ga niy yi renon ɗiyata."

Kishi ya soki Metiron, kishi na gaske. Yarinya mai ɗaurarren takalmi ta samu, ita mai gidan tayil ta rasa! Ma'aikata nawa ne suka wuce ta Fakku? Ta shiga lissafo fuskoki a ranta, ba wadda ta dace.

"Ina take yanzu, 'yar'uwa?"

"Allah masani. An ɗauke ta aiki, ba mu ƙara ganin ta ba."

"To sunanta fa? Ki taimake ni, ina da bukatar ganin ta."

Nan Hinde ta ja mayafi ta rufe baki. "Haba Likita, mi kika so in ce? Ran suna liman ya raɗa Zulfa, amma mu cikin gida sunan yarinyag ga munka sa mata. Ɗiyar fari ce. Ina ni ina hwaɗin sunanta?"

Metiron ta roƙa, ta lallasa, ta ce ko a kunne ne. Hinde sai murmushi take tana kallon ƙasa. Kunyar ɗan fari ba ta san Likita ba. Ga hadari ya haɗo, ga ɗan kabu-kabu yana ta danna oda a waje. Ta miƙe, ta ɗauki jakarta, ta san Lahadi ta riga ta kuɓuce mata.

Ta kai bakin zaure ke nan, wata tsohuwa da ke dafa ruwan wankan jego ta ɗaga murya daga bayan ɗaki.

"Ke Dinatu! Taho, ruwa sun tafasa!"

Mata biyu ne suka amsa.