Fuskar da ke Bayan Gilashi

Ranar da sababbin masu kantin suka sa a yanke kawunan mutum-mutumin tallan riguna, wata tsohuwa na tsaye bakin gilashi kamar kullum.

"Hajiya, matsa mana," in ji mai zarto. "Yanzu marasa kai ake yayi."

Tun kafin ta yi furfura kantin nan ke yi wa 'yan matan Iskandariya kwalliya, ita kuwa ko ɗankwali ba ta taɓa saya ba. Kallo ke kawo ta.

Da kai ɗaya ya faɗo, ta cire mayafinta ta naɗe shi.

"Roba ce fa, Hajiya!"

"Na sani, ɗan nan. Fuskar 'yata aka kwafa, shekarar da aka buɗe kantin. Ita ruwa ya ci ta, ban samu abin binnewa ba."