Motar Kumandan Ta Ƙi Tashi

Bulala ta bakwai ta fasa wa Kadiri baya. Kumandan, Bafaranshen da Kadiri yake tuƙa wa mota, ya sake ɗaga hannu.

"Tashe ta!"

Kadiri ya kama ƙarfen murɗa inji ya juya. Motar ta yi gurnani, ta yi tari, ta mutu. Ya goge buji, ya duba waya, komai lafiya. Mutanen Matameye sun yi cirko-cirko.

Ya buɗe tankin mai ya sansana. Tsamin ƙasari ya doki hancinsa, ruwan wankin geron da ake ba dabbobi. Ya yi maza ya rufe. Bulala ta sake sauka.

Sai ga mahaifiyar Kadiri, tsohuwa Shekara, ta ratso taro da ƙwarya a ka.

"Ku bar dukan yaron nan! Tun daga Damagaram dabbar nan take gudu. Ƙwarya ɗaya na ba ta, ashe ba ta ƙoshi ba. Ga wata."

Kumandan ba ya jin Hausa. "Me ta ce?" ya tambayi Kadiri da Faransanci.

Kadiri ya tofar da jini, ya juya ya miƙa masa bayansa.

"Ta ce laifina ne. Ci gaba."