Baƙin Salatif a Kan Jar Wuta

Ga ta nan, ga ta nanku. Ka ce ta zo mu ji ta, ɗana, ka kuma gyara zama, tunda na ji an ce cinikin mota kake yi.

An yi wani mai sayar da hatsi a wani ƙauye da ke nesa da kwalta. Ya daɗe da aure Allah bai ba shi haihuwa ba, sai da furfura ta fara fito masa a gemu matarsa ta sami ciki. Ungozoma ta duba ta, ta ce wannan ba haihuwar gida ba ce, ranar da naƙuda ta tashi a wuce da ita asibitin birni kada a tsaya komai. Saboda haka ya sayar da babur ɗinsa, ya haɗa da abin da ya tara, ya shiga birni neman mota. Ƙarama ya yi niyya, irin wadda kowane bakanike ya san cikinta. Amma a ƙofar gidan wani attajiri da ya rasu, sai ya tarar magada sun fito da wata doguwa baƙa, ta manya, mai kujerun fata, wadda in an rufe ƙofarta ko kukan jaki ba ka ji daga waje. Suka sallama masa da araha, don su sun san abin da take ci. Tsohon bakaniken da ya saba duba ta ya nuna masa ƙananan fitilun da ke bayan sitiyari, ya ce, "Nan ne bakinta. In rawaya ta kama, roƙonka take yi. In ja ta kama, ka tsaya ko da a tsakiyar kasuwa kake."

Tun ranar da ya shigo da ita ƙauye aka fara kiransa Alhaji, alhali bai taɓa taka Makka ba. Kullum da safe sai ya wanke ta da hannunsa, ya goge ta har mutum ya ga fuskarsa a jikinta. Ba a jima ba wata fitila rawaya ta kama. Ya tambayi kuɗin gyara, da ya ji sai ya ce ai tana tafiya, a bari a sayar da gero tukuna. Ranar Juma'a ya ɗauko mai unguwa a gaba za su masallaci, mai unguwa ya leƙa ya ce, "Alhaji, wannan wutar fa?" Ya ce, "Ado ce, ranka ya daɗe." Da yamma ya yanki baƙin salatif ya manna a kanta. Ta biyu ta kama, ya manna. Da ya gaji da yanke-yanke sai ya ja dogon salatif guda ya rufe layin fitilun gaba ɗaya, waɗanda suka kama da waɗanda ba su kama ba. Wata 'yar ƙararrawa da ke ƙara in ya tada motar, ita ma ya sa aka yanke wayarta. Matarsa, da cikinta ya tsufa, ta ce masa, "Maigida, inda motar nan take kwana kullum sai na ga baƙin ɗigo a ƙasa." Ya sa aka zuba yashi a wurin.

Naƙuda ta tashi da rana tsaka, cikin zafin bazara. Aka kwantar da matar a kujerar baya, kanta bisa cinyar uwarta, ya ja mota yana cewa yanzun nan za su isa. Suna tsakiyar daji, babu gida gaba babu gida baya, inji ya fara ƙwanƙwasa kamar ana dukan ƙarfe a maƙera. Wari ya tashi. Motar ta yi jijjiga, ta yi shiru. Ya murɗa makulli, ya sake murɗawa, ko tari ba ta yi ba. Ya buɗe gabanta ya zaro sandar gwada baƙin mai, ya same ta a bushe ƙayau. Nan ya koma ciki, ya ɓare salatif ɗin, ya ga fitilar baƙin mai ja wur kamar garwashi. Allah kaɗai ya san kwana nawa ta yi tana ci a ɓoye.

Amalanken shanu na wani manomi ne ya ɗauke su daga ƙarshe, ana tafiya taku-taku, uwar matar tana yi mata fifita da gefen mayafi. Rana ta yi ja kafin su isa. Likitoci suka ceci matar da ƙyar. Ɗan kuwa, namiji ne, bai zo da rai ba, kuma aka ce ba za ta sake haihuwa ba. Masu zuwa gaisuwa suka yi ta cewa haka Allah ya ƙaddara, kuma gaskiya suka faɗa. Shi dai ba ya iya ɗaga ido ya amsa, don ya san abin da hannunsa ya manna.

Aka janyo motar da igiya aka ajiye a gindin darbejiyar ƙofar gidansa. Tayoyinta suka nutse cikin ƙasa, kaji suka mayar da kujerun fatar wurin ƙwai. Bai ƙara wanke ta ba, bai kuma iya sayar da ita ba. In ya fito shan iska, baya yake juya mata.

Ƙurunƙus, nan na sauke ta, ɗana, ba don ta yi daɗi ba. Magabata dai sun riga sun faɗa: wanda bai ji bari ba, ya ji hoho.