Koriyar Fitila a Gwiwar Sahura

Tun da aka dasa wa masu tsere 'yar na'ura a gwiwa, ba mai shiga fili sai fitilarsa ta nuna kore. Da safen gasar jiha, ta Sahura ta koma ja.

Da ɗingishi ta isa wurin Baba Jatau mai gyaran takalmi.

"Baba, wai takuna ya karkace. Ka taimake ni."

Ya yanko fata ya cusa cikin takalminta, ƙarƙashin diddige. Ta taka sau uku, fitilar ta koma kore.

"Amma Baba, har yanzu gwiwar tana min zafi."

Ya kau da kai. "'Yata, taku na'urar take ji, ba ciwo ba."

Lasifika ta kira sunanta. Ta cije leɓe, ta shiga layi.