Kafin a Gama Tsinkar Tattasai

Zulaihat na shanya tattasai a ƙofar gidansu a Diffa lokacin da Malam Jibril ya yi sallama. Ɗan gudun hijira ne daga Damasak, yana koyar da Ingilishi a sansanin Sayam Forage. Babanta ya riga ya sa ranar aurensu, da zarar an gama tsinkar tattasai.

Ta shimfiɗa masa tabarma, amma bai zauna ba, idonsa na ƙasa.

"An ɗauke ni kwas na malanta a Yamai, wata shida. Jibi zan tafi. Daga nan zan wuce Njamena neman aiki. Makarantun Njamena a watan Agusta kaɗai suke ɗibar malaman Ingilishi. In na makara, sai baɗi."

"Auren fa, Malam?"

"Ki jira ni, Zulai. Zan dawo."

Ta daɗe tana kallon tafin hannunta da tattasai ya rina. Haka yayanta ya ce ran da ya tsallaka kogin Komadugu don duba gonarsu, yau shekara huɗu ke nan bai dawo ba.

"Ka tafi, Allah ya ba da sa'a," ta ce a hankali. "Amma kada ka ce in jira. Mutum ɗaya ya ishe mu jira a gidan nan. Har yau Inna na ajiye masa tuwo."