Duniyar da Babu Teku

Wata la'asar ce a gidanmu na Kara-Kara a Damagaram, famfo ya ɗauke kamar kullum, bidonmu na ɗiban ruwa ba ko ɗigo. Inna Saratu, maƙwabciyarmu Kirista, tana tsefe mini kai a inuwa, tana ba ni labarin ru'uyar sabuwar duniya da manzo Yohanna ya gani lokacin da aka tsare shi a tsibiri. Ƙamshin man shanun hannunta ya sa ni gyangyaɗi, har ina hango ƙofofin lu'ulu'u suna lilo cikin ganye. Sai ta ce a sabuwar duniyar babu sauran teku.

Na wartsake. "Ashe can ma Damagaram ce? Ban ko gan shi ba za a kwashe?"

Ta yi dariya, ta danna kaina ƙasa. "Ke da bakinki, 'yar nan. Shi Yohanna, ruwa ne ya raba shi da mutanensa."

"To ke ina ruwanki da teku?"

Hannunta ya tsaya cikin gashina. "Ɗana ya shiga kwalekwale daga Libiya. Jira nake ruwan ya janye in ga inda yake."

Har yau bakina bai mutu ba, amma wannan tambayar, da ma na haɗiye ta.