Baƙin Ɗigo a Dusar Ƙanƙara

Batir na biyu ya kusa ƙarewa, amma Ingunn ba ta ga komai a allon rimot ba sai fari fat.

Tana tsaye a inda hanyar mota ta ƙare, ƙaramin jirginta marar matuƙi na ɗaukar hoto yana shawagi can saman kwazazzabai. Ƙarfe biyu da rabi. A watan Janairu, kafin huɗu duhu ya rufe duwatsun nan.

Da tsakar rana Magnhild, shugabar 'yan agajin ƙauyen, ta kira ta. Wani mutum ya zame cikin hazo ya faɗa ɗaya daga cikin kwazazzaban, shi kansa bai san wanne ba. Jirgi mai saukar ungulu ya kasa tasowa daga birni. Da Ingunn ta tambayi ko waye, sai Magnhild ta ce, "Ke dai ɗauko jirgin ki zo."

Wannan aiki na mahaifinta ne, Arnfinn. Shi ya koya mata tuƙin jirgin, amma ita iyakarta ɗaukar hoton bikin aure da gonakin kifi. Bara da aka kai ta neman wata maƙwabciyarsu, ta ruɗe har ta maka jirgin da bishiya. Yau Magnhild ta ce Arnfinn zai riƙa yi mata jagora ta rediyon hannu, wato oba-oba.

Hoton da jirgin ke ɗauka yana hawa intanet kai tsaye, don Magnhild ta kalla daga ofishin agaji. Sabis ɗin kan dutse ba shi da ƙarfi, yana matse hoton har ya dagule.

"Babu abin da nake gani," in ji Magnhild ta waya. "Kamar an zubar da madara."

A gefen mota, 'yan agaji, Steinar da wasu maza biyu, suna jira da igiyoyi da gadon ɗaukar majinyaci. Tun zuwanta Steinar bai yarda sun haɗa ido ba.

Oba-oba ya yi ƙara, muryar mahaifinta ta fito ƙasa-ƙasa.

"Sauko da shi. Wane gilashi ne a bakin kyamarar?"

"Baƙin nan na rage haske, Baba."

"A wannan lumshin? Biki kika zo ɗauka? Cire shi."

Ta sauko da jirgin, ta cire safar hannu da haƙori, ta kwance gilashin. Ta sa batir na uku. Babu na huɗu.

Ya riƙa faɗa mata ɗaya bayan ɗaya, yana hutawa a tsakani. Ta ƙara saurin ƙiftawar kyamara don kada motsi ya shafe hoton. Ta ƙara haske da hannu, domin fari yana ruɗar kyamara ta duhunta duk wani abu baƙi. Ta kai girman hoton ƙarshe, ta juya idon kyamarar ƙasa sak.

"Kuma ki manta da abin da ke hawa intanet. Na kan katin memori shi ne na gaskiya. Ki tafi a hankali, kamar kina tura keken jariri."

Jirgin ya tashi. Iska ta fara ƙarfi, tana kwaso garin ƙanƙara daga bakin dutse. Ingunn ta bi kwazazzabo na farko, ta fito, ta shiga na biyu. Batir ya sauka zuwa rabi. Ta nufi na huɗu, mafi faɗi, inda take ganin ya fi kama da wurin faɗawa.

"Kin tsallake ɗaya. Koma baya."

"Na ukun ai tsaga ce kawai. Mutum ba zai—"

"Koma baya, Ingunn."

A bayan muryarsa ta ji wani siririn kuka kamar na sauro. Ta buga oba-oban a cinya, sanyi yakan sa shi haka.

Ta shiga tsagar. Bangon dutse dama da hagu, iska na jefa jirgin. Allon ya yi ja, saura kashi ashirin. Ta tafi sau ɗaya, ta dawo sau ɗaya, sannan ta juyo da shi gida. Ya dira a gabanta da kashi uku.

Ta zare katin, ta shiga mota, ta soka shi a kwamfuta. Steinar ya tsaya a bakin ƙofa. Hoton ya buɗe tar, har ana iya ƙirga tsagogin dutse. Ta riƙa matsar da shi kaɗan-kaɗan. Fari. Dutse. Fari. Oba-oba ya yi shiru, ta kira sau biyu babu amsa.

A minti na huɗu ta ga wani baƙin ɗigo a ƙarƙashin wani falalen dutse. Ta jawo shi kusa. Ƙafa ce, da takalmi, a murɗe.

"Na gan shi! Tsaga ta uku, ƙasa da falalen nan na yamma."

Steinar ya leƙa allon sau ɗaya, ya ruga, sauran suka bi shi da igiyoyi.

Ta ƙara jawo hoton. Mutumin yana kwance rigingine, ƙanƙara ta rufe rabin jikinsa, ya ɗaga fuska yana kallon jirgin. Hannunsa na dama yana riƙe da wani baƙin abu daidai bakinsa.

Oba-oban da ke kan cinyarta ya sake ƙara, muryar da ƙyar take fita.

"Aikinki ya yi kyau, 'yata. Ki ce wa Steinar ya ɗaga ni a hankali, ƙafar hagun ce ta karye."